Mene ne ya raba dutsen kokina da dutsen tarbidayit?

"Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a fannin ilimin duwatsu, kuma a darasinmu na duwatsun da ke samuwa daga kwanciyar yashi da laka an haɗa mana kokina da tarbidayit a babi ɗaya, an ce mu kwatanta su. Na haddace cewa ɗaya na ɓawon dabbobin ruwa ne, ɗayan kuma na zurfin teku ne, amma ban gane abin da ya raba su a zahiri ba. Shin dutse ɗaya zai iya zama duka biyun? Kuma idan na tsinci guntu a fili, ta yaya zan san wanne ne?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, abu uku kake nema: yadda kowane ɗaya ke samuwa, ko akwai inda suke haɗuwa, da kuma yadda za ka rarrabe su da idonka da hannunka. Haddar da ka yi daidai ce, sai dai ta ɓoye maka abin da ya fi muhimmanci, wato ba da ma'auni ɗaya aka raɗa wa duwatsun nan biyu suna ba. Idan aka ce kokina, ana gaya maka abin da dutsen ya ƙunsa ne. Idan aka ce tarbidayit, ana gaya maka abin da ya kawo kayan ya zube su a wurin, ko da mene ne kayan. Na farko ana iya tabbatar da shi daga guntun da ke tafin hannu, na biyu kuwa hukunci ne da mai bincike ke yankewa bayan ya duba tsarin zubin dutsen da maƙwabtansa na sama da na ƙasa. Duk sauran bambance-bambancen daga nan suke fitowa.

Yadda kokina ke samuwa

Kokina dutse ne wanda kusan dukkansa ɓawon dabbobin ruwa ne, irin su ƙumba da katantanwa, wasu cikakku, yawancinsu farfasassu, waɗanda ruwa ya kwasa, ya goge, ya tankaɗe, sa'an nan ya tara wuri ɗaya. A ƙa'idar da aka saba bi, sai matsakaicin girman gutsattsarin ya kai milimita 2 ko ya wuce kafin a kira shi da wannan suna. Tun da ɓawon nan da sinadarin kalsiyam kabonet aka yi shi, kokina yana cikin dangin dutsen farar ƙasa.

Wurin da ya fi samuwa shi ne inda ruwa bai da zurfi kuma ba ya hutawa: bakin teku inda igiyar ruwa ke hawa tana sauka, da mashigun da ruwa ke ratsawa lokacin cikar teku da janyewarta, da tuddan yashi da ke tsaye gaban gaɓa. Aikin igiyar ruwa a nan shi ne tankaɗe. Duk lokacin da ta zo, sai ta ɗaga komai, idan za ta koma ta tafi da laka da lallausan yashi, ta bar abin da ya fi girma. Idan aka maimaita haka shekara da shekaru a wurin da dabbobi masu ɓawo suka yi yawa, kuma babu babban kogi kusa da zai binne su da yashi da taɓo, abin da zai rage shi ne tsantsar ɓawo. Wannan sharaɗi na biyu ɗalibai sukan manta da shi, alhali shi ne ya sa ba kowane bakin teku ke haifar da kokina ba.

Saboda haka zubi ɗaya na kokina ba labarin rana ɗaya ba ne. A cikin guntu guda za ka iya samun ɓawon dabbobin da ɗaruruwan shekaru ko dubbai suka raba zamaninsu, domin an binne su, guguwa ta tono su, an sake binne su, har suka cakuɗe. Bayan sun kwanta ne ruwan sama ko ruwan ƙarƙashin ƙasa ke ratsa su, ya narkar da ɗan wani abu daga jikin ɓawon, ya sake ajiye shi a matsayin siminti daidai inda ɓawo ya taɓa ɓawo. Simintin nan sau da yawa kaɗan ne, shi ya sa dutsen ke cike da ƙofofi, ba shi da nauyi sosai, kuma za ka iya ɓantare gefensa da yatsa.

Misalin da ya fi shahara yana gabashin Fulorida a Amurka, inda Sifaniyawa suka haƙo kokina daga tsibirin Anastasia suka gina ganuwar Castillo de San Marcos a garin St. Augustine tsakanin 1672 da 1695. Turawan Ingila sun yi wa wurin ƙawanya a 1702 da kuma 1740, ba su ci shi ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne harsashin igwa yakan nutse cikin bangon ya maƙale maimakon ya tarwatsa shi, domin ƙofofin dutsen suna murƙushewa su shanye ƙarfin bugun. Magina na wancan zamani sun san cewa dutsen yana fitowa daga mahaƙa da laushi, sai an bar shi ya sha iska ya bushe kafin ya yi ƙarfin da zai ɗauki gini. A Shark Bay da ke yammacin Ostireliya kuwa ana iya ganin abin yana faruwa a yau: gishirin ruwan wasu sassan wurin ya kusa ninka na sauran teku, wani ƙaramin nau'in ƙumba ya yi yawa domin masu cin sa ba sa jure gishirin, ɓawonsa ya taru ya yi kaurin mita da yawa, har mutanen yankin sun taɓa yanka shi tubali-tubali suna gini. Kada kuma ka ɗauka sai a teku kawai. A ƙarƙashin tekun Burazil akwai kokina mai kauri da ya taru a gaɓar manyan tafkuna fiye da shekara miliyan 110 da suka wuce, lokacin da Afirka da Kudancin Amurka ke tsagewa suna rabuwa.

Yadda tarbidayit ke samuwa

A nan zan daɗe, domin labarin ya fi wuya kuma an daɗe kafin a gane shi. Ruwan da ya gauraya da laka da yashi ya fi ruwa mai tsabta nauyi. Idan irin wannan gurɓataccen ruwa ya samu kansa a kan gangara a ƙarƙashin teku, nauyinsa zai ja shi ƙasa, ya riƙa gudu a bisa ƙasan teku ta ƙarƙashin ruwa mai tsabta. Gudun yana haifar da hargitsi a cikinsa, hargitsin yana hana yashin kwanciya, kuma yana ƙara yagar wata laka daga ƙasa, wadda ke ƙara masa nauyi da gudu. Da haka kwararar ke ciyar da kanta, ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. Abin da ke tayar da ita yana iya zama girgizar ƙasa, ko zaftarewar laka da ta taru da yawa a bakin gangara, ko ambaliyar kogi, ko guguwa. Idan ta isa shimfiɗaɗɗen ƙasan teku gudunta ya ragu, sai ta fara sauke kayanta, mafi nauyi da fari, mafi laushi a ƙarshe. Zubin da ta bari shi ne tarbidayit.

Tun kafin a san wannan, masu binciken duwatsu a tsaunukan Alps da na Italiya suna ganin wani abu da ya ɗaure musu kai. Za su tarar da dubban zubi na yashi da na laka suna bin juna, wannan bisa wancan, kowane zubin yashi yana farawa da manyan ƙwayoyi a ƙasa ya ƙare da ƙanana a sama. Lakar da ke tsakani tana ɗauke da burbushin halittun zurfin teku, yashin kuwa a tunanin lokacin alamar ruwa marar zurfi ne. Bai yiwuwa a ce ƙasan teku ya riƙa hawa yana sauka sau dubbai. A 1950 ne Philip Kuenen ɗan ƙasar Holan, wanda ya yi gwaje-gwaje da gurɓataccen ruwa a cikin dogon kwami, da Carlo Migliorini ɗan Italiya, wanda ya san duwatsun ƙasarsu, suka haɗu suka nuna cewa irin wannan kwarara ce ke kai yashi zurfin teku. Bayan shekara biyu Bruce Heezen da Maurice Ewing suka kawo hujja daga wani abu da ya riga ya faru. Ranar 18 ga Nuwamba 1929 an yi girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.2 a Grand Banks, kudu da Newfoundland ta Kanada, wayoyin tangaraho 12 da ke shimfiɗe a ƙasan Tekun Atlantika suka tsinke. Na kusa sun tsinke nan take, na nesa kuwa suka riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, daga sama zuwa gangare, har na ƙarshe bayan fiye da sa'o'i 13. Tun da kamfanonin sun rubuta lokacin da kowace waya ta daina aiki, sai aka iya lissafa gudun abin da ya tsinka su, aka ga a sashen da ya fi gangara ya kai gomman kilomita a sa'a. Irin wannan bai daina faruwa ba. A watan Janairun 2020, bayan wata babbar ambaliya a Kogin Kwango, wata kwarara ta bi kwazazzabon da ke ƙarƙashin teku a bakin kogin ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,100, ta tsinka wayoyin intanet biyu na ƙarƙashin teku.

A 1962 Arnold Bouma, bayan ya yi nazarin duwatsun yankin Annot a kudu maso gabashin Faransa, ya fitar da jerin da ake koyar da ku, mai kashi biyar daga ƙasa zuwa sama, waɗanda ake yi wa laƙabi da haruffan A zuwa E. Kashin farko yashi ne mai kauri wanda ya zube da sauri har bai samu damar yin layuka ba, na biyu yashi ne mai miƙaƙƙun layuka da ya kwanta ruwa na kan gudu, na uku lallausan yashi ne mai ƙananan tudda da karkatattun layuka, wani lokaci a murɗe, na huɗu ƙura ce mai siraran layuka, na biyar kuma laka ce. Ina roƙonka kada ka haddace jerin nan a matsayin haruffa biyar. Ka karanta shi a matsayin tarihin ruwa guda da ƙarfinsa ke raguwa, domin idan ka riƙe wannan za ka iya sake gina jerin ko ka manta shi. Za ka kuma gane dalilin da ya sa da wuya a samu kashi biyar ɗin cikakku a zubi ɗaya: kusa da bakin kwazazzabo yashi mai kauri ne ya fi yawa, kuma kwarara ta gaba takan share lakar da ta gabace ta, can nesa kuwa manyan ƙwayoyi ba sa isa, sai na uku zuwa na biyar kawai ake gani.

Batun lokaci a nan kishiyar na kokina ne. Yashin zubi ɗaya yana kwanciya cikin sa'o'i, lakarsa cikin kwanaki, sa'an nan wurin ya yi tsit na ɗaruruwan shekaru ko dubbai, ba abin da ke sauka sai ƙurar da ke zubowa a hankali daga saman teku. Mai kallon bango na tarbidayit, wato fuskar dutsen da ta bayyana a fili, yana ganin kauri mai yawa da ya samu cikin ɗan lokaci, da siririn layi da ya ci kusan dukkan shekarun. Da wannan dalili ne masu binciken girgizar ƙasa ke ƙirga zubin tarbidayit a gaɓar arewa maso yammacin Amurka domin su san sau nawa manyan girgiza suka auku a can kafin wadda aka yi a shekarar 1700. Idan kwararar ta yi ta maimaituwa miliyoyin shekaru a bakin kwazazzabo ɗaya, tarin yakan bazu a ƙasan teku ya yi siffar mafici, kuma mafi girmansu a duniya shi ne na Tekun Bengal, mai tsawon kusan kilomita 3,000, wanda kayansa daga tsaunukan Himalaya suka fito ta kogunan Ganges da Brahmaputra.

Ko dutse ɗaya zai iya zama duka biyun

Zai iya, kuma wannan ɓangaren tambayarka shi ya fi nuna cewa kana tunani a kan darasin. Yawancin tarbidayit yashi ne da laka da koguna suka kawo daga tudu, amma kwararar ba ta zaɓen kaya. Idan a saman gangarar akwai tudun ɓawo ko na murjani, guguwa ko girgiza ta zaftare shi, to ɓawon ne zai gangara zurfin teku, ya kwanta da manyan gutsattsari a ƙasa da ƙanana a sama, tsakanin zubi biyu na lakar zurfi. Masana suna da suna na daban ga tarbidayit na farar ƙasa irin wannan. Idan ka ɓalle guntu daga gindin zubin, ka kai wa wanda bai ga wurin ba, zai ce maka kokina ne, kuma ta fuskar abin da ya ƙunsa bai yi ƙarya ba. A ra'ayina ya fi kyau a rubuta shi da cikakken bayani, a ce tarbidayit ne mai gindi na ɓawo, domin da zarar mutum ya ji kokina kawai zuciyarsa za ta tafi bakin teku, ya sanya gaɓa a taswirarsa inda a gaskiya akwai zurfin ɗaruruwan mita.

Akwai kuma na uku da ke shiga tsakani ya rikita mutane, wato zubin guguwa. Babbar guguwa takan tono ƙasan ruwa mai matsakaicin zurfi, ta tara ɓawo a gindi, ta bar yashi da laka su biyo baya, sai ka samu zubi mai kaifin gindi wanda ƙwayoyinsa ke raguwa zuwa sama, daidai kamar tarbidayit. Abin da ke tona shi shi ne alamun igiyar ruwa mai kai da komo: layukan yashinsa suna yin ƙananan tuddai da kwaruruka masu faɗi, kuma ƙananan tuddan samansa gefensu biyu daidai suke, alhali na tarbidayit sun karkata gefe ɗaya domin ruwan hanya ɗaya ya bi. Shi ya sa nake hana ɗalibai rubuta tarbidayit don kawai sun ga ƙwayoyi suna raguwa zuwa sama. Ambaliyar kogi ma tana yin haka, toka daga aman wuta da ta faɗa ruwa ma tana yi.

Abin da za ka duba a fili

Ga kokina aikin bai da wuya. Ka sa gilashin ƙara girma, za ka ga gutsattsarin ɓawo suna jingine da juna, gefunansu a goge, tsakaninsu ramuka ne, laka kaɗan ce ko babu. Ka ɗiga masa asid mai rauni, zai tafasa nan take, kuma wuƙa za ta karce shi. Daga nan ka duba yadda ɓawon ya kwanta, domin a nan bayani yake. Ɓawon da ruwa mai gudu ya tura yakan kife, bayansa a sama, domin a haka ne ruwa ba ya iya juya shi. Wanda ya sauko ta cikin ruwa ya kwanta a hankali yakan zauna bakinsa a sama. Idan ka tarar da ƙumba da yawa ɓarinsu biyu na haɗe, to ba a yi nisa da su ba kuma an binne su da wuri.

Ga tarbidayit kuwa, abin da nake fara sa ɗalibai su yi shi ne su ja da baya su kalli bangon gaba ɗaya kafin kowa ya ɗaga guduma. Ana neman zubi da yawa masu bin juna, kowanne kaurinsa bai cika canzawa ba ko ka bi shi nesa, gindinsa da kaifi kamar an yanka, samansa kuma yana narkewa a hankali cikin laka. Sai a matsa kusa a sa yatsa a gindin zubi a ja shi sama, domin yatsa yakan ji raguwar kaushi kafin ido ya gani. Bayan haka a nemi wurin da lakar ƙasa ta zube ta bar gindin yashin a buɗe, a leƙa shi ta ƙasa. A nan ake ganin wasu kumburi masu kai mai tudu a gefe ɗaya da wutsiya mai bajewa a ɗayan, waɗanda ramuka ne da hargitsin ruwa ya ƙwaƙule a laka sa'an nan yashi ya cika su. Kan mai tudu yana nuna inda ruwan ya fito. Ana kuma ganin dogayen layuka inda kwararar ta ja tsakuwa ko ɓawo a kan laka, wani lokaci har da sawun ƙananan halittun zurfin teku mai siffar raga. Waɗannan alamu suna da wani amfani babba a tsaunukan da suka naɗe, domin su ne ke gaya maka ko zubin yana zaune daidai ko ya kife.

Bambancin nan yana da tasiri ga masu neman man fetur, domin duka biyun suna riƙe mai amma ba ta hanya ɗaya ba. A yankin Campos na tekun Burazil an samu mai a kokina na tsoffin tafkuna a can ƙasa, an kuma same shi a yashin tarbidayit da ke sama da shi, kamar a filin Marlim. Haka manyan filayen zurfin teku na Angola da Najeriya da mashigin Meziko, yawancinsu yashin tarbidayit ne. A tarbidayit babbar matsalar ita ce gano inda yashin ya bi da inda siraran zubin laka suka raba shi. A kokina matsalar ita ce abin da ya faru bayan kwanciya, domin ruwa yana iya narkar da ɓawo ya buɗe ƙofofi a nan, ya toshe su da siminti a can, cikin tazarar taku kaɗan.

Dole in gaya maka iyakar abin da guntu ɗaya zai iya yi maka. Idan ka tsince shi a yashe, ba a jikin bangonsa ba, za ka iya rantsewa cewa kokina ne idan ɓawo ne tsantsa, amma ba za ka iya tabbatar da inda ya kwanta ba. Tarbidayit kuwa ba a yanke hukuncinsa daga guntu ko daga hoto, sai dai a ce yana kama da shi, kuma ko a gaban cikakken bango masana sukan yi saɓani a kan yashi mai kauri marar layuka, wasu su ce gurɓataccen ruwa ne ya kawo shi, wasu su ce zaftarewar taɓo mai kauri ce. Saboda haka a littafinka na fili ka raba shafi biyu: a hagu ka rubuta abin da ka gani, wato girman ƙwayoyi, abin da suka ƙunsa, kaurin zubi, yanayin gindinsa da samansa, da abin da ke ƙarƙashinsa da bisansa, a dama kuma ka rubuta abin da kake ganin ya kawo shi tare da hujjarka. Ka auna aƙalla zubi goma a jere kafin ka cika shafin dama.